Ashe Bar Mini Jikata Take Yi Ina Cinye Ta a Ces

Jikata Fa'iza ta ciyo kofi! Ita ta zo ta ɗaya a gasar ces ta makarantun 'yan mata na shiyyarmu, ta doke 'yan Kura, ta doke 'yan Dawakin Kudu. Ki gafarce ni Hajiya Saude, zumuɗi ya sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, domin duk da wannan murna yau kwana huɗu ban iya haɗa ido da yarinyar ba.

Ni manomin rani ne a wani ƙauye kusa da Bunkure, na haura shekara saba'in. Ces ɗin nan, wadda wasu ke kira darar Turawa, ina saurayi na koye ta, lokacin da nake lebura wajen haƙa kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Wani injiniya ne ya rasa abokin wasa ya koya mini a inuwar motarsa, da zai tafi ya bar mini allon. Daga baya ni ma na rasa abokin yi, na jefa allon a akwati sama da shekara talatin da biyar. Karatun boko kuwa sai da na yi furfura na shiga ajin yamma na manya, shi ya sa kika ga da hannuna na rubuto.

Bara waccan Fa'iza ta tono allon, na nuna mata tafiyar doki da ta sarauniya. Tana shiga ƙungiyar ces ta makarantarsu muka mayar da shi al'ada, duk Asabar a gindin darbejiyar ƙofar gida, inda abokaina ke buga dara. Kullum ni ke ci. Irin bugun dara nake mata, da sauri, ina doka 'ya'yan a allo ina cewa amarya ba ta isa ta ja da angonta ba. Ranar da ta kawo kofi na cika majalisa da baki cewa ni ne mai cinye mai kofin. Abokina Maharazu ya ce to a yi a gaban jama'a. An sa Juma'ar sama bayan la'asar, har mai unguwa ya ce zai zo.

Malamin su Fa'iza ya zo yi mana murna, ya sa mini wasan a waya don in shirya. Ya ce akwai lamba da ke nuna ƙarfin mutum, ta Fa'iza ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar. Tawa, Hajiya, ɗari huɗu da talatin ce, kuma kullum ƙasa take yi. A gona nake bugawa, wasan minti uku-uku, kafin ruwa ya cika fangali. Cikin talatin da ɗaya an cinye ni ashirin da shida. Na ɗora wa wayar laifi.

Sai ranar Litinin ta manta littafinta a kan tabarmata, na buɗe. Ashe duk wasan da muka yi tana rubutawa. Na bi da yatsa ina haɗa baƙi, na ga jan biro a gefe: "Nan na bar wa Kaka doki." A wani shafin: "Nan zan iya gama wasan, na kauce." Can ƙasa kuma: "Yau ya yi dariya sosai."

Yarinyar da take ɓoye mini hula, take ce mini tsoho mai ran ƙarfe, ba ta taɓa raga mini a wasan jika da kaka ba, ashe a nan tausayina take ji. Ga cika bakin da na yi, ga leƙen littafin da ba a ba ni ba. Yaya zan yi in ƙware cikin kwana takwas? Ko in ce ciwon ƙafata ya tashi, a fasa wasan? In ta sake bar mini a gaban mutane, na ci da ƙarya. In ba ta bari ba, Maharazu ya samu abin yi da ni har ƙarshen rani.

Duk da haka ban iya janye gayyata ba. Duk wanda ke kusa da Bunkure ya tambayi gidan su mai kofi, ya zo ya ga yadda yarinyar nan take tafiyar da doki. Wallahi abin kallo ne.

Tsoho mai allo, daga yankin Bunkure

Wa'alaikumus salam Baba. Allah Ya yi wa Fa'iza albarka, Ya ƙara mata basira. Ka ɓoye sunanka amma ka faɗi rana da gida, don haka na san zuciyarka ba ta son fasa wasan nan. Maganar ciwon ƙafa mu ajiye ta.

Ba zan ruɗe ka ba, kwana takwas ba za su kai ka inda take ba, wata takwas ma da wuya. Amma ka daina kallon lambar nan kamar hukunci. Mutumin da ya ajiye abu shekara talatin da biyar, ya dawo yana bugawa ido ɗaya a waya ɗaya a kan ruwa, dole a cinye shi.

Ni ba gwanar ces ba ce, sai na tambayi wani mai koyar da ita. Ya ce ka bar wasan minti uku kwata-kwata, ka koma na minti goma sha biyar, ɗaya ko biyu a rana, a zaune bayan ka rufe ruwa. Kafin ka taɓa ɗa, ka tambayi kanka me abokin wasa yake nufi da tafiyarsa, kuma in ka ajiye a nan wa zai iya ɗauka. Ya ce masu lamba irin taka ba dabara ce ke kayar da su ba, kyautar da 'ya'ya suke yi. In an miƙo maka doki a banza, ka tsaya ka duba dalili. Wasan da aka cinye ka kuma ka koma ka nemo inda ya lalace kafin ka fara wani. Saurin hannu ka bar wa dara.

Game da Fa'iza, kana da gaskiya da abin ya yi maka ciwo, ba wanda ke son a mayar da shi abin lallashi. Amma ka duba nata ɓangaren. A gaban abokanka kuke bugawa, kana doka allo kana kirari. Yarinya mai tarbiyya ta ina za ta fara kayar da kakanta a nan? Tsokana a tsakar gida daban, kunyata ka a majalisa daban. Ita ma nauyi ka ɗora mata ba ka sani ba, kuma na tabbata Juma'ar nan ta fi damunta fiye da kai.

Ka kira ta yau, ku biyu kawai. Ka ce ka buɗe littafinta, ka ba ta haƙuri, sannan ka ce daga yanzu ba ka yafe a bar maka ko soja ɗaya ba. Ka roƙe ta ta bi wasanninka na waya tare da kai, ba ka da malamin da ya fi ta kusa. Ranar Juma'a kuwa, kafin a jera 'ya'ya, ka faɗa wa majalisa da bakinka cewa ka gano bar maka ake yi. Za a yi dariya, kai ma ka yi. Abin da ka riga ka faɗa, Maharazu ba shi da sauran abin tonawa.

Daga nan ka zauna ka buga iya ƙarfinka, a hankali. Za ta cinye ka, Baba. Ka tabbata dai sai ta yi gumi. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa a tashi taro lafiya.

Hajiya Saude