Alhaji Marigayi

Salaga, 9 ga Afrilu, 1996

Yaya Atika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya Bawku, ya yaran da kike koyarwa? Mu nan lafiya, in dai lafiyar jiki ake nufi.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, don raina a ɓace yake. Takarda ta zo daga jami'ar nan ta Amerika da kika nema, ta akwatin gidan waya na 'yan doya. Ni ina Kumasi da lodi. Ambulan ƙatuwa, an rubuta a bayanta zuwa ga iyalin Atikatu Sidiku. Baba ya ga kan sarkin ƙasar waje, ya san alheri ne. Kin san Baba, mutumin da ko ran Sallah ba a ganin haƙoransa, wai ranar sai da ya koma gida ya canja riga. Bai jira ni ba. Ya sayo goro, ya aika aka kira Ticha Osman zuwa rumfa, ya tara abokansa na kasuwa har da direbobi, ya ce a karanta kowa ya ji.

Ticha ya fara fassara. Sun ɗauke ki. Rumfa ta ɗauki Masha Allah, ana ta miƙa wa Baba hannu. Sai Ticha ya tsaya, ya kama tarin da ba shi da shi. Baba ya ce ci gaba mana. Ya ce wai rubutun da kika yi a kan rasuwar mahaifinki ya taɓa zuciyarsu, suna yi wa iyali ta'aziyya, kuma saboda haka sun sa ki cikin marayun da za su ɗauki nauyin karatunsu. Abin da ya rage, ɗan'uwan da ke riƙe da ke ya sa hannu a wata takarda ya shaida.

Can sai Sumaila direba, wanda bakinsa ba shi da birki, ya ce, "Alhaji, ashe ka rasu ba ka gaya mana ba? Allah ya jiƙanka!" Aka fashe da dariya. Baba ya ninke takardar, ya raba goron tunda an riga an saya, ya tafi gida.

Yanzu a kasuwar doya sunansa Alhaji Marigayi. Ba a gabansa ba, amma yana ji. Ya bar min rumfa, ba ya fita sai masallaci, ana sallamewa ya dawo. Ni nake zaune ina shan gaisuwar mutuwa daga 'yan iska.

Haba Yaya! Ke ce babba, bai kamata in yi miki faɗa ba, amma wallahi da kina kusa da na yi. Me Baba ya yi miki da za ki kashe shi a takarda ki aika wa Turawa? Ki ba ni amsa, don ni ban san abin da zan ce wa mutane ba.

Ƙanenki,
Mutaru


Bawku, 21 ga Afrilu, 1996

Mutaru,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka a tsaye a ƙofar aji, ban iya komawa ciki ba, sai da na ce wa yara su yi ta karanta abin da ke allo. Ka yi faɗanka, na cancanci fiye da haka.

Bari in gaya maka yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Su waɗannan jami'o'i sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya isar su. Suna ba ka tambayoyi ka zaɓi ɗaya, ka yi rubutu a kan kanka. Ɗaya ta ce ka faɗi littafin da ya canja maka tunani. Ɗaya ta ce ka ba da labarin garinku. Na so in ɗauki wannan, sai na rasa wane gari zan ce, Salaga da aka haife ni ko Yendi da na tashi. Ta ƙarshe ta ce, ba mu labarin mutumin da ya sa ka zama abin da kake. Ina gani na san Baba Sidiku ne, ƙanen Baba da ya riƙe ni.

Kai a gida ka tashi, ba ka san shi kamar ni ba. Shi ya ɗauke ni a keke zuwa makaranta. Shi yake ɗinka min yunifom, kullum da girma, wai don in cika shi. Ina zaune kusa da keken ɗinkinsa ina karanta masa jarida, ba ya jin rabin Turancin, amma in na yi tuntuɓe sai ya ɗaga ƙafa daga keken ya ce sake. Ya rasu ina tsakiyar jarrabawa, aka ɓoye min har na gama. Duk wannan na rubuta, ina rubutu ina kuka.

Mu a wurinmu ƙanen uba Baba ne. Su Turawa suna da wata kalma dabam, wadda ake kiran kowane tsoho a tasha da ita. Da ita na fara, na duba na ga kamar na mai da shi baƙo, sai na goge na sa uba. Da a nan abin ya tsaya da na ɗaga kai na kare kaina.

Amma bai tsaya nan ba. A fom ɗin akwai gurbin da suka ce sunan mahaifi, yana raye ko ya rasu. Mutaru, na san abin da suke tambaya. Na sa Sidiku, na sa ya rasu. Na ce wa kaina ai sunan da ke duk takarduna ke nan. Kuma ba zan iya rantsewa cewa bai zo min a rai ba, an fi tausayin maraya. Ya zo.

Akwai wani abu kuma, tunda yau ranar tonon asiri ce. Ban taɓa zaton Baba zai damu ba. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In na zo hutu na durƙusa, "An zo lafiya?" shi ke nan, ya juya wajen doyarsa. Ran makokin Baba Sidiku ko kallona bai yi ba. To yau ka ce ya canja riga saboda ni. Wannan rigar ta fi dariyar Sumaila yi min ciwo.

Kunya ta hana ni cin abinci. Na rubuta wa Inna Lamisi a Yendi, ita ta riƙe ni, ko za ta san abin yi. Ka gaida Baba in yana amsa gaisuwata.

Yayarka,
Atikatu


Yendi, 3 ga Mayu, 1996

Atika 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida aikinki. Malam Jibirilu maƙwabcinmu ke rubutawa, na ce masa kar ya gyara min magana, yadda ta fito haka zai sa.

Kin makara, labari ya riga wasiƙarki zuwa. Matan da ke kawo doya daga Salaga sun ba ni shi a kasuwa, da gishiri da barkono. Na yi kamar ban gane wa suke nufi ba, na dawo gida ban sayi komai ba.

Ke yarinya, duk karatun nan naki ba ki san Alhaji ba? Ke ce 'yar fari. Wane dattijon gidanku kika taɓa ji yana kiran sunan 'yar fari? So kike ya rungume ki a gidan makoki kamar a silima? Kuma mutumin da ya ba ɗan'uwansa ɗiya ba ya yawan tambayar lafiyarta, sai a ce yana da-na-sanin kyautarsa.

Ina nan ranar da ya kawo ki. Mun daɗe da Sidiku Allah bai ba mu haihuwa ba, dangina har sun fara maganganu. Alhaji da kansa ya hawo lori da ke, kina barci a kafaɗarsa, ko wayo ba ki yi ba. Ya miƙa ki ga ƙanensa ya ce, "Ga 'yarka, ba aro ba ne." Na kawo tuwo bai ci ba, ya ce lori na jiransa. Babu lorin da ke jiransa, a tasha ya zauna har la'asar, mutane sun gan shi. Da za a sa ki makaranta Sidiku ya aika yana tambaya wane suna za a rubuta, Alhaji ya ce me ya sa ake tambayarsa, ai yarinya tana da uba.

Duk ƙarshen zango Sidiku sai ya ƙirƙiro sayen yadi ya tafi Salaga da sakamakonki a aljihu. Ya ce in yana faɗa masa sakamakon, Alhaji yana juya baya yana zaɓar doya, kamar ba ya ji, amma in Sidiku ya tsaya sai Alhaji ya ce, "Lissafi fa?"

To ga shi kin ji. Kin yi abin kunya, ba zan shafa miki mai ba. Amma ni ina so ki tafi karatun nan, Sidiku a kansa ya ƙare ƙarfinsa. Da takardar tana hannuna da na dangwala yatsa na roƙi Allah gafara. Tana hannun Alhaji, kuma ba ni da fuskar da zan ce ya ba ni. Ki yi masa magana da kanki, ki daina bi ta bakin Mutaru. Kuma ki ci abinci, yunwa ba ta gyara komai.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Lamisi


Bawku, 14 ga Mayu, 1996

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Garuba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka cikin ladabi, ina fatan kana lafiya, da mutanen gida duka.

Baba, ban taɓa rubuto maka ba, ga shi ta farko ta neman gafara ce. Da na zo da ƙafata, sai dai ba a sallame mu daga aikin bautar ƙasa ba. Gaskiya kuma ko an sallame mu ban san yadda zan ratsa kasuwar doya in iso gabanka ba.

Na yi ƙarya. Sun tambaye ni mahaifina, na san wanda suke nufi, na sa wani suna. Ka tara mutane don ka yi farin ciki da ni, na sa aka yi maka dariya a rumfarka. Ba ni da hujja.

A cikin ambulan nan akwai wasiƙar Turanci zuwa ga jami'ar, Mutaru zai fassara maka. Na gaya musu mahaifina yana raye, sunansa Garuba, fataucin doya yake yi a Salaga, kuma wanda ya rasu ƙanensa ne da ya riƙe ni. Na ce ni ba marainiya ba ce, su janye abin da suka ba ni a kan haka. Na san in suka janye babu tafiya, mai yiwuwa ma su soke sunana gaba ɗaya don na yi musu ƙarya. Na yi kukana na gama. Akwai jami'a a ƙasar nan, zan nema baɗi.

Ban aika da kaina ba don ina so ta bi ta hannunka. Ka haɗa ta da takardarsu, ba tare da sa hannu ba, Mutaru ya kai gidan waya kafin ƙarshen wata. In ka ga dama ka sa Ticha Osman ya karanta ta a rumfa, waɗanda suka ji ta farko su ji wannan.

Ka yafe min, Baba.

'Yarka,
Atikatu


Salaga, 27 ga Mayu, 1996

Bayan sallama da gaisuwa. Ticha Osman ke rubuta min wannan.

Saƙonki ya iso, an karanta min duka biyun a cikin gida. Ba za a karanta komai a rumfa ba, kasuwa ta ji abin da ya ishe ta. Na yafe miki duniya da lahira.

Wasiƙarki ta Turanci ban aika ba. Na yi tunani a kanta sosai. In kika ce wa mutanen nan Sidiku ba ubanki ba ne, kin mai da min abin da na ba shi, shi kuma ba ya nan balle a tambaye shi ko ya yarda. Ban karɓa yana raye ba, ba zan karɓa yana kabari ba. Abin da ke cikin zuciyarki lokacin da kike cika takarda, wannan tsakaninki da Allah ne, ki yi ta istigfari. Nawa alhakin ni zan ɗauka.

Takardarsu ta tafi jiya. Na sa hannu da ajami. Akwai wurin da suka tambayi ko ni wane ne a wurinki. Na gaya wa Mutaru abin da zai rubuta, ya ajiye biro ya fita, har yanzu ba ya yi min magana. Shi ya sa na kira Ticha.

Ki shirya tafiya. Ki riƙe salla, ki riƙa rubuta wa Lamisi, ba ta da kowa sai ke. Allah ya tsare hanya, ya ba da ilimi mai amfani.

Wassalam.

Yayan ubanki,
Garuba