Faifan da Mama Ta Wanke

Doka, Kaduna
4 ga Mayu

Ƙanena Sharhabil,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya aiki, yaya Legas, yaya Fadila da yara? Da fatan kowa lafiya. Mu nan sai godiya.

Taimakonka nake nema. Ka san tun rasuwar abokinka Emmanuel, wanda ya tashi a gidanmu kamar ɗa, Baba bai koma daidai ba, ga shi bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Abu ɗaya ke kwantar masa da hankali, wani faifan waƙoƙin Turanci da muka tsinta cikin kayan Emmanuel, ba suna ba hoto. Jita ce kawai da muryar namiji ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa kansa faɗa. Har zamewar yatsunsa ana ji. Sai a waƙa ta huɗu ganga ke shigowa, ita ma a kunyace. Da na raina shi, ina cewa kiɗan zaman makoki ne, yanzu kuwa in ban ji shi ba aikin gida ba ya yi mini daɗi. Baba, da ya shekara talatin yana kaɗa jita a coci, sai ya lumshe ido, yatsunsa na hagu suna motsi, sannan ya yarda ya ci abinci.

To, faifan ya fara tsalle. Mama, baiwar Allah, ta ce datti ne, ta dirje shi da toka da soso kamar murfin tukunya. Ya yi fes, amma ya mutu murus.

Don Allah, ko ka san sunan mawaƙin?

Yayarka,
Rifkatu

Doka, Kaduna
27 ga Mayu

Ƙanena Sharhabil,

Ina gaishe ka, ka gaida mutan gida. Allah ya saka da alheri, na ga waƙoƙin da ka turo. Ba su ba ne. Baba ya saurara kaɗan, ya juya fuska bango.

Na zaga shagunan masu tura waƙa a waya a Kawo, ina rera musu abin da na riƙe, suka yi ta dariya. Mama ta daina shiga ɗakin Baba in ba yana barci ba. Baba cokali biyu yake ci. Na rasa inda zan sa kaina.

Yanzu shi yake gunjin waƙa ta huɗun a maƙogwaro, kullum tana raguwa. Jiya ya tsaya a tsakiya, ya zuba mini ido don in ƙarasa masa. Na buɗe baki, Sharhabil, ban iya ba.

Ka sa mu a addu'a.

Yayarka,
Rifkatu