Ki Zo Chongqing Kafin Su Rushe Matakalar

Zuwa ga matata Guizhen, furen lemon bayan gidanmu, ruwan farkon damina a kan shukar shinkafa, tsohuwata mai taurin kai kamar saiwar gora!

Pu mai gyaran takalma ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Yana dariya, wai tsohon ɗan dako da soyayya kamar jaki da ɗankunne. Na ce ya riƙe alƙalami ya rufe baki.

Na gaji, Guizhen. Kafaɗata ta daina jin magana, gwiwoyina suna kuka tun kafin su ga tudu. Likita ya ce in ajiye sandar gorar da nake rataya kayan dako a kafaɗa, unguwarmu kuma an shafa mata jan fenti, bayan sabuwar shekara za a rushe ta. Zan dawo gida. Amma in dawo da me? Ni ne na san inda kowace matakala ta nufa, na san wace bishiya aka sare aka kafa banki, na san sunayen 'yan dakon da suka faɗi ba su tashi ba. Idan na zauna a ƙofar gida ina ba da labari, wa zai ce gaskiya ne, na gani? Ke kaɗai nake so ki zo ki gani da idonki ki zama shaidata, ke kuwa kin ce birni cin kuɗi ne!

Ki saurara, ya hasken safiyata. Ki hau jirgin ƙasa mai tsayawa a kowace tasha, kujerar talakawa, ki bar mai gudu ga masu gaggawa. Ki dafa ƙwai da dankali, ki ɗauko filas. Ruwan zafi kyauta ne a ƙarshen tarago. Idan kin sauka, duk wanda ya tare ki da murmushi yana cewa "Inna, ga mota, ga masauki," ki kurmance. Kada ki ci abinci inda aka liƙa hotonsa a bango. Zan kai ki wurin matar Luo mai abinci, can ƙarƙashin gada, inda taliya da barkono ke sa mutum hawaye, ta zage ni ta kuma ƙara mini romo. Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido? Na masu kuɗi ne marasa wayo! Jirgin fito na ma'aikata kogi ɗaya yake ratsawa, hazo ɗaya, iska ɗaya. Fitilun birni kuwa, da rana ta faɗi, ba a sayar da kallonsu daga wancan ƙetare. Kuma kada ki yarda da taswirar wayar nan. Za ta ce kin iso, alhali wurin yana can sama da kanki, hawa kan hawa.

Kin tuna ranar da kika rako ni bakin hanya, kina goye da 'yarmu Xiaoman, kika sare mini gorar dakon nan daga bayan ɗakin mahaifinki, kika ce in ta karye in dawo? Ba ta karye ba. Ta yi santsi ta yi baƙi da gumina, ni ne na karye. Haba, Guizhen! Kogi ma yana gajiya da jiran ruwan sama, balle tsoho?

Abu ɗaya nake roƙo. A ƙofar tasha za ki ga tsofaffi irina, da sanda da igiya, na kuma san tausayinki. Kada ki ba kowa kayanki. Na ɗauki firji, na ɗauki akwatin amare, na ɗauki kayan baƙin da ba su taɓa duban fuskata ba. Ƙunshinki nake so ya zama dakona na ƙarshe. Ki tsaya, ki riƙe shi da kyau, ko na makara. Yanzu a hankali nake tafiya, amma ina tafe.

Naki tun ƙuruciya, naki har ranar da za a kwantar da mu a tudu ɗaya,

Tan Defu