Pipet a Watan Azumi

Litinin, 7 ga Oktoba 1968

Yau muka fara shimi, darasin haɗa sinadarai. Malamin, Misye Labbo, ko amsa gaisuwarmu bai yi ba ya hau zayyana mana dokokin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Farar bulus, rigar aiki, dole. Ba ci, ba sha, ba goro. Da ya ce goro ni ya kalla, don ya ga sunan gidanmu na Jugu, gidan fataken goro. Rabin maki na rubutu ne, rabi na aikin hannu, kuma aikin hannun kowa da kansa zai yi a gabansa ƙarshen zango. Wanda bai yi ba sifiri, mai sifiri kuma ya bar ajin kimiyya. Bafulatani ne da ya yi karatu a Dakar. Usuman, wanda muke zama benci ɗaya, ya ce ya taɓa jin sa yana ciniki da Hausa a kasuwar Arzeke, amma mu sai Faransanci yake mana.

Baba ya faɗa tun ina ɗaure akwati, zango ɗaya ya ba ni gwaji, in na faɗi huhunan goro na jirana. Wallahi da na fito daga ajin nan sai na ji goro ba abin gudu ba ne. Kunyar komawa ce kawai, don 'yan gidanmu za su yi ta kirana "dokta" har in tsufa.

Talata, 15 ga Oktoba

Gishirin miya ma ashe yana da wani suna. Na haddace alamomi har kaina ya yi zafi, ya tambaye ni azurfa na ba shi zinariya. Ya ce da ni ɗan kasuwa ne da na talauce. Aji ya kwashe da dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Talata, 22 ga Oktoba

An nuna mana pipet. Siririn bututun gilashi ne mai ɗan tumbi a tsakiya, da zane ɗaya a wuya. Ka tsoma ƙasansa a ruwan, ka sa samansa a baki ka zuƙa har ruwan ya wuce zanen, ka yi maza ka toshe da yatsa, sannan ka saki kaɗan-kaɗan ya sauko daidai zanen. Da baki! Mutumin da ya ce ba ci ba sha a labo. Yau ruwa zalla aka ba mu, kuma duk zuƙar da na yi sai na ji shi a maƙogwaro. Usuman ya ce in bar wa na baya kaɗan mana, ba kunu ba ne.

Laraba, 30 ga Oktoba

Aikin gida shafi uku. Ashe shimi lissafi ne da ya sa farar riga.

Talata, 5 ga Nuwamba

Yau asid muka zuƙa, wanda aka sirka da ruwa sosai. Ya taɓa mini harshe, tsami kamar tsamiyar da ta kwana, na ruga famfo ina tofarwa. Ina kurkure baki Misye Labbo ya rubuta ranar jarrabawar aikin hannu a allo: 17 ga Disamba. Na tsaya na lissafa a raina, na sake lissafawa. Cikin goman ƙarshe na azumi ke nan.

Na taɓo Usuman na nuna masa. Ya ɗaga kafaɗa, wai shi ranar zai sha ruwansa ya rama daga baya, su can garinsu Seru ba mai bin sawunsa. To shi ke nan. Shi ba ɗan Alhaji Ashafa ba ne kamar ni.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na tsaya bayan an tashi, na roƙe shi ya ɗaga mana zuwa bayan Salla, ko ya bari wani ya zuƙa mini ni in ƙarasa sauran. Ina magana yana goge allo. Ya ce maki na tafiya wurin shugaban makaranta kafin hutu, kuma shi ba zai sa hannu a kan aikin da bakin wani ya yi ba. Na ce Misye, azumi fa. Ya juyo ya ce, wanda ya iya pipet ba abin da ke shiga bakinsa sai iska, matsalata ba azumi ba ce, rashin iyawa ne.

Na ɗauki jakata na fito. Har na iso unguwarmu Ganu ina shirya maganganun da ya kamata in faɗa masa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, Jugu

Kawu Badamasi, wanda nake zaune a gidansa a Paraku, shi ya sa na zo. Na tambaye shi hukuncin zuƙar pipet da azumi, ya ce in bai wuce maƙogwaro ba babu komai, in ya wuce ba da gangan ba ramuwa ce, amma wannan maganar ba tasa ba ce, in je wurin mai ɗa.

Na tarar da Baba a zaure ana tsince goro, ana ware masu sankara. Na zauna na taya, sai da hannuna ya yi sanyi da ganye sannan na buɗe baki. Da ma na bari sai bayan ya ci abinci. Na kwatanta masa pipet da karan dawa, ya saurara bai ɗago ba. Na faɗi abin da Kawu ya ce. Sai ya ajiye goron da ke hannunsa: "Abduljalil, ban aike ka Paraku ka koyo mini ramuwa ba. Da rana tsaka ba ka sa komai a bakinka. In lakwal, makarantar taku, ba ta yarda ba, ga wurinka nan, ba wanda ya zauna maka."

Na ce to. Me zan ce? Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa wani abu ban da to ba. Mahaifiyata Inno ta cusa mini ƙullin dambu a jaka, ta ce in bar ɓata fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

An ɗauki azumi. In na zuƙa na saɓa wa Baba, in na ƙi na koma gida da sifiri. Ta ko'ina ni ne a ƙasa.

Laraba, 4 ga Disamba

Ban yanke shawarar komai ba. Kawai dai na tsinci pipet mai fasasshen baki a kwandon sharar labo, na kawo gida. Bayan an sha ruwa nakan zauna bayan ɗaki da kwanon zoɓo, don ja ya fi ganuwa, in zuƙa, in toshe, in saki. Inna Rabi'a matar Kawu ta leƙo ta gan ni, ta ce ikon Allah, boko har shan zoɓo yake koyarwa? Ta ce in na gama karatun in dawo mata da kwanonta.

Na gano abu ɗaya. Da ƙirji nake zuƙa, shi ya sa yake tahowa da gudu. Da kunci ake yi, a hankali. Me zai rage wa mutumin nan da ya faɗa mana haka tun farko?

Talata, 10 ga Disamba

Gwajin rubutu ya dawo, na tsallake da kyar. Saura wancan. A labo na ce kaina ke ciwo, na zauna ina kallon su. Misye Labbo ya yi wani rubutu gaban sunana.

Talata, 17 ga Disamba

Na yi.

Har aka kira sunana ban san zan yi ba. Na tashi da niyyar in ce masa ba zan iya ba, sai na ga hannuna ya ɗauki pipet. Bakina a bushe saboda azumi. Ya zo ya tsaya a bayana, ya yi ƙasa da murya, da Hausa tsantsa: "Kalli zanen, ɗan Alhaji, daina kallona." Na zuƙa. Ya hau lafiya lau, ya wuce zane, amma na makara da yatsa. Tsami ya taɓa harshe. Na tofar a famfo, na sake tofarwa, amma na riga na haɗiyi yawu don firgita, na ji abin ya wuce. Karo na biyu ya tsaya daidai.

Sai na juye shi a kofin gilashi, na ɗiga maganin launi, na fara sako ruwan sud mai kashe tsamin asid ɗigo-ɗigo ina kaɗawa. Fari, fari, fari. Wani ja-ja ya ɓullo ya ɓace. Na riƙe numfashi na saki rabin ɗigo, sai duk kofin ya juye ruwan hoda mai haske, ya tsaya haka. Ni na yi shi. Lissafina ya faɗo daidai da nasa. Ya duba, ya ce "bien", wato ya yi kyau, ya wuce gaba.

Ga abin da ke damuna. Daga lokacin da launin ya juya har na kusa gida ban tuna da azumi ba, ban tuna da Baba ba. Murmushi nake yi a titi kamar wawa. Sai da na hango masallacin unguwa gabana ya faɗi.

Lahadi, 22 ga Disamba, Jugu

Salla. Bayan an sauko idi, an watse, Baba ya kira ni zaure. Bai tambayi maki ba. Cewa ya yi, "Azuminka ya cika?"

Ina iya cewa e, ba wanda zai sani. Na ce akwai ramuwar guda. Ya ce, "Da ka ce mini to, ashe ba to ba ce." Na so in gaya masa na ci jarrabawar, na ga ba wurin. Ya tashi ya shiga gida, tuwon Salla ma a ɗakinsa ya ci.

Alhamis, 26 ga Disamba

Ba faɗa, ba magana. Kullum da safe a nuna mini huhu in kwance, in tsince, in sauya ganye. Na aika Inno ta tambayo mini zancen komawa, ta dawo ta ce ya ce ya ji.

Alhamis, 2 ga Janairu 1969

Yau na rama. Na gaya masa da aka kira magariba, ya ce Allah ya karɓa, ya ci gaba da alwalarsa. Litinin ake komawa lakwal, har yanzu bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Raina a jagule yake. Ina son mutumin nan, kuma ban san yadda ake zama da fushinsa ba.

Da la'asar ya aike ni tasha in duba ko kayan Kumasi sun iso. Ba su iso ba. Da zan fito na tsaya wurin direban kamiyon, babbar motar kayan da ke zuwa Paraku, na tambaye shi ko yana tashi Lahadi, ya ce yana tashi, in riƙe maka wuri? Ban ce masa e ba. Na dai gaya masa sunana.