Turbon da Ka Aiko da Hannun Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya raya maka yaran, Ya tsare ku a gida da wurin nema. Mu nan muna nan da godiyar Allah. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana fita unguwa da kanta. Matar Kawu ta sauka lafiya, an samu mace. Maigidana yana nan yana fama da shagonsa, ni ma ina kan keken ɗinkina. Baba kuwa shi ne dalilin takardar nan, kuma tun yanzu nake gaya maka ba ta daɗi ba ce. Na zaɓi in rubuta ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa, da an taɓo inda ba ka so sai ka ce ana nemanka a wurin aiki. Takarda ba a katse ta.

Bari in tuna maka yadda abin ya faro, tunda na ga alamar ka fara mantawa. Tifar Baba ta girme ka. Da yashi da tsakuwar da ta yi ta jigila aka ciyar da mu, aka sa mu makaranta, aka yi maka guzurin tafiyar da kake taƙama da ita yau. Ban ce ba ta tsufa ba. Ni ma na san idan ta ɗauko kaya daga wurin fasa dutse ta zo hawan nan na bayan gada, mai keke ma wuce ta yake yi, samarin direbobi suna yi wa Baba hon suna tambayarsa ko a sauko a tura masa. Abin yana ci masa rai, ko da yake ba ya faɗa. Kai da ka ji labari sai ka ce ka samo magani, wai turbo, ƙarfen nan mai kama da dodon koɗi da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Ka ce a inda kake haka kowa yake yi wa tsohuwar mota. Baba ya ce ya gode, amma ba ya so, a bar masa injinsa yadda ya san shi. A gabana ya faɗa maka, ina zaune ina jin muryarka kana cewa to.

Ashe wannan "to" ta baki ce. Ka jira sai da aka kwantar da shi asibiti za a cire masa yanar ido, sannan kwalinka ya iso. Ka kira Umma ka ce ta ba Gajere bakanike makulli, wai juyen baƙin mai kawai za a yi kafin Baba ya fito. Ka kira Gajere ka ce Baba ya amince. Mahaifiyarka ka yi wa ƙarya, Auta, a lokacin da take zaryar asibiti da kwanon abinci a hannu. Kuma kada ka ce ba a gaya maka ba. Gajere ya maimaita maganar a gaban Kawu, ya ce da ya buɗe kwalin ya kira ka ya shaida maka kayan ba su cika ba, babu abin da zai sanyaya iskar kafin ta shiga inji, tiyon mai bai dace ba, kuma turbon kansa ba sabo ba ne, in ka sa yatsa ka taɓa cikinsa girgiɗi yake yi. Ka ce ya lallaɓa ya ɗaura haka nan, sauran kayan suna hanya. Ban wanke Gajere ba, shi ma na gaya masa abin da ke raina har sai da maigidana ya janye ni daga garejin. Amma shi bare ne. Sauran kayan kuwa har yau suna hanya.

Ranar da Baba ya fara tayar da motar bayan an sallame shi, ya ji wani fito yana fitowa daga ƙarƙashin bonet. Ya kashe ta, ya sauko, ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Bai yi wa kowa faɗa ba. Umma ce ta shige ɗaki tana kuka, don a lokacin ta gane abin da aka yi da hannunta. Zan faɗi gaskiya ko da tana taimakonka: motar ta ja. Ta haye tudun gada da cikakken lodi ba tare da ta yi nishi ba, har Baba ya wuce ɗaya daga cikin masu yi masa hon, ya dawo gida yana dariya kamar yaro. Ya riƙa gaya wa abokansa cewa dodon koɗin Auta ba wasa ba ne, ɗansa ya san abin da yake yi. Sai dai ba a daɗe ba inji ya fara shan baƙin mai, salansa tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Ya yi ta kiranka ba ka ɗauka. Daga baya ka aiko da saƙon murya wai haka sabon abu yake yi kafin ya zauna.

Yanzu ga abin da ya faru, daga bakin wadda ta gani, ba wadda aka ba labari ba. Da hantsi ne. Baba ya kawo wa maƙwabcinmu yashi, ya tsaya a ƙofar shagona don mu gaisa, bai kashe mota ba. Ka san layinmu, ga mai gyaran waya, ga mai sayar da fetur a kwalabe, ga mata masu kayan miya a bakin kwata. Ina miƙa masa ruwa ta taga sai injin ya ɗauki kuka da kansa, ba tare da ya taka totur ba. Ya murɗa makulli ya zare shi gaba ɗaya, ya nuna mini shi a hannunsa, amma injin bai mutu ba, sai ƙara hawa yake yi. Daga baya Gajere ya ce turbon ne ya fashe ta ciki, yana ɗura wa injin baƙin mai yana ƙonawa, don haka babu ruwansa da makulli. Hayaƙi ya rufe layin har ba na ganin shagon da ke kallon nawa. Gilasan tagogi suna rawa, mutane suna gudu suna tuntuɓe da tirensu. Baba ya danne birki ya sa babbar giya ko za ta shaƙe ta mutu, sai ƙaurin kulochi ya tashi, motar ta yi tsalle ta nufi teburin mai fetur ta tsaya. Da ya diro, na riƙe rigarsa na ce ya bar ta mu gudu. Ya ce in injin nan ya tarwatse a nan, ba shi kaɗai zai ɗauka ba.

Ya fizge, ya ɗaga bonet, ya ɓalle babban tiyon iska, ya tuɓe rigarsa ya dunƙule ya cusa a bakin turbon don ya toshe masa numfashi. Abin ya zuƙe rigar, ya zuƙe har da hannun. Ban ji ihunsa ba saboda ƙarar, fuskarsa kawai na gani. Bai janye ba, sai ma ya danna da ƙirjinsa, har injin ya yi tari ya yi shiru. Da na isa wurinsa yana jingine da taya, ya naɗe hannun da hularsa, yana tambayata ko kowa lafiya. Da yadin wata amarya da nake ɗinkawa na ɗaure masa, a motar mai gyaran waya muka kai shi asibiti. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu biyu na hannun dama sun tafi, na ukun ya sandare, ga ƙunar salansa daga gwiwar hannu har kafaɗa. Motar kuma an ja ta zuwa gareji, an buɗe injin, an ga ya tashi aiki, an rufe.

Duk wannan, da ka yi shiru, da wataƙila na bar ka da Allah. Amma jini bai gama bushewa a rigata ba ka aika da saƙon murya zauren iyali na waya, inda kawunnai da gwaggwanni da surukai kowa yake ji. Ka ce ai kai ka daɗe kana faɗa, Baba ya tsufa, idonsa ba ya gani, ya kamata a ce ya ajiye tuƙi tuntuni. Ka ce lodi yake cika wa motar. Ka rufe da cewa kada kowa ya damu, za ka aiko da wani turbon da ya fi wancan. Ko kalma ɗaya ba ka ce a kan makullin da ka sa Umma ta bayar ba. Matar Kawu, ba ta san abin da ke ciki ba, ta kunna saƙon a gefen gadon Baba don ya ji ɗansa yana yi masa jaje. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce a sake kunna masa. Da ya ƙare, abin da ya ce kawai shi ne muryarka kamar ta mai mura, a gaya maka ka nemi magani. Fita na yi daga ɗakin, don in na tsaya zan faɗi abin da 'ya ba ta faɗa a gaban uba.

Yanzu yana gida. Umma ce take ɓalla masa maɓallin riga, yana koyon cin abinci da hagu, yana zubarwa yana ba mu haƙuri. Duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa wai shi da kansa ya matsa maka ka aiko da turbon, wai kwaɗayin gudu ne ya kama shi da tsufa, yana yi yana dariya don su ma su yi. Mutumin da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, yau shi ne yake yi wa kansa ƙazafi don kada a zage ka. Umma kuwa ta daina ɗaga ido in ana zancen.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙonka nake yi ba. Kada ka aiko da turbo, kada ka aiko da kwali ko wane iri ne, zan mayar da shi yadda ya zo. Ka koma zauren da ka yi waccan magana, da muryarka, ka faɗi wanda ya ce a ɗaura, da ƙaryar da aka yi kafin a ɗaura. Ka kira Umma ka sauke mata kayan da ka ɗora mata. Sannan ka nemi hutu ka zo ka ga hannun nan da idonka, ba a hoto ba. Kafin ka yi waɗannan, kada ka wahalar da kanka da kirana, ba zan ɗauka ba.

Ka gaishe mini da matarka, ba ni da komai da ita, da su Ummi da Ƙaramin Baba. Umma tana gaishe ku, haka Kawu da mai jego, da Gwaggo, da maigidana. Baba ya gan ni ina rubutu, ya tambaya, na ce kai nake rubuta wa. Ya ce in gaya maka hannu yana warkewa, mota kuma 'yar matsala ce, kada ka sa damuwa a ranka. Ga shi na isar, kada a ce na ci amana. Ya ce kuma zai sa maka albarka da rubutunsa, sai na ninke takardar na bar masa ƙasanta. Biron ya zame masa daga dama, ya mayar hagu, ya yi ta fama har gumi ya keto masa. Wannan karkataccen zanen da ka gani a ƙarƙashin sunana nasa ne. Ni na kasa karantawa. Kai ka gwada.

Ni ce,
Yayarka.