An Sayar da Gidan Hayarmu na Biafra, Maigida Ya Ce Sai Madawa

Assalamu alaikum Tanti Lami. Don Allah don Annabi ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan ba ta zaga unguwa kafin la'asar ba. Ki sakaya sunana.

Ni haifaffiyar Treichville ce, a nan birnin Abidjan. A unguwar Arras aka yanke mini cibi, a unguwar Biafra, duk a nan Treichville, aka kawo ni amarya, kuma ɗakin da aka kawo ni shi nake ciki har yau: ciki da falo a wani babban gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Maigidana, Nomau, mutumin Madawa ne ta ƙasar Nijar, atamfa yake sayarwa a kasuwar Adjamé. 'Ya'yanmu huɗu. Babbarsu, Kamila, bana za ta rubuta jarrabawar bak, ta gama sakandare.

Mai gidan hayar wani dattijo ne mutumin Odienné, Allah ya jiƙansa. Shekarun baya, kafin a karya darajar sefa, da bakinsa ya yi wa Nomau tayin wani ƙaramin gidansa da ke bayan namu, ya ce ya riƙa biya a hankali. A lokacin muna da hali, Tanti, wallahi muna da shi. Nomau ya ce a'a. Wai Bahaushe ba ya sayen ƙasa a garin mutane, mu baƙi ne, cin rani muka zo, gobe za mu koma. Haka ubansa ya yi, haka abokansa na kasuwa duk suke yi, a kwana a haya a Abidjan, a tura kuɗi gida a yi gini. Cin ranin da aka yi furfura a cikinsa! Duk abin da ya samu ya kwashe ya zuba a Madawa. An yi gidan siminti da katanga da ƙofar ƙarfe. Ni sau ɗaya na taɓa ganinsa da idona, kuma ba kowa a ciki sai awakin da ƙanensa yake ɗaurewa a tsakar gida.

To dattijon ya rasu. Magada ga su nan birjik, wasu ma suna Faransa, ko launin fentin gidan ba su sani ba. Sun sayar wa wani ɗan kasuwa da zai rushe ya gina rumbun ajiye kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa. An ba mu zuwa bayan babbar salla mu fita.

Na shiga nema. Haba Tanti! Har ƙafata ta kumbura don hawa da saukar tasin woro-woro. Wani dillali ya karɓi kuɗin gani, ya kai ni wani ɗaki a Williamsville da ko taga ba shi da ita, kwata tana bi ta bakin ƙofa, hayarsa ta ninka tamu uku, ga kuɗin ajiya na watanni sai an zube tun kafin a ba ka mabuɗi. Duk da haka na ce bari in je in shawarci maigida. Kafin in dawo washegari wasu da yaƙi ya koro daga garin Bouaké sun kama ɗakin. Wancan ƙaramin gidan da Nomau ya ƙi kuwa, don in ƙara wa kaina ciwo na je na tambayi kuɗinsa na yanzu. Aka faɗa mini. Ko an sayar da gidan Madawa har da awakin, ba zai sayi ɗaki ɗaya a cikinsa ba.

Yanzu maigida ya yanke hukunci, wai mu tattara mu koma Madawa. Har wani annuri nake gani a fuskarsa, kamar wanda aka ba gaskiya a gaban alƙali. Shi zai koma, ni in koma ina? Uwata da ubana suna kwance a maƙabartar Williamsville. Yaran nan Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, ko faɗa za su yi da Faransanci suke yi. Kamila tun da ta ji ta daina cin abincin kirki, sai ta buɗe littafi ta zuba masa ido ba ta juya shafi. Ƙanenta Lukumanu ya rantse ko a ƙarƙashin teburin kasuwa zai kwana amma ba za shi ba. Ni kuwa na san yaran da ke kwana a kasuwar Adjamé, na san abin da suke zama.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Na fara jin haushin mijina, haushi mai ƙuna. In na zuba masa abinci sai in ji kamar in kifar da kwanon, Allah na tuba, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Zuciyata tana raya mini in ce ya tafi shi kaɗai, ni in zauna da yarana ko da igiyar auren za ta tsinke. Wata maƙwabciyata kuma ta ce mu lallaɓa mu raɓa a ɗakin ƙanwata, wai haukan yaƙi ne kawai, da an yi sulhu 'yan gudun hijira za su koma garuruwansu farashi ya faɗo. Haka ne? Me ya sa gidaje suka haukace haka? In jira, in bi shi, ko in tsaya?

Taki cikin damuwa,
Uwar Huɗu, Biafra

Wa alaikumus salam ƙanwata. Yako, sannu ƙwarai.

Bari in fara da mai ɗacin. Kada ki jira farashi ya sauko. Yaƙi ya ƙara wa abin wuta, amma ba shi ya kunna ta ba. Treichville ruwa ya kewaye ta, ba ta da inda za ta miƙe ƙafa, Adjamé kuma ta cika maƙil. Tun da aka karya sefa siminti da rodi suka yi tsada, masu gina wa talaka suka janye hannu. Masu kuɗi sun gane buhun shinkafa ya fi iyali daɗin haya, ba ya ɓata famfo, ba ya roƙon a ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata. Duk gidan da aka mayar rumbu, mutanen cikinsa sun ƙaru a layin masu nema. Magada in sun yi yawa, sayarwa ce rabon da ya fi musu sauƙi. Masu tsoron ajiye kuɗi a banki a wannan zamani kuma bulo suke saya da su. Ko gobe aka yi sulhu, da yawa cikin waɗanda suka zo sun sa yara a makaranta, sun kafa sana'a, ba za su koma ba.

Game da Malam Nomau, kina da gaskiya, barin tayin nan asara ce. Amma ba wauta ce ta sa shi ba. Ke ma kina ganin yadda ake sauke mutanenmu daga mota a shingen hanya ana tambayar takardar zama. Wanda ya sha wannan yana da hujjar son katangar da ba mai ce masa fita. Inda ya kuskure shi ne ya manta 'yan Abidjan ya haifa.

Kada ki furta maganar rabuwa, kuma kada ki tayar masa da tsohon tayin. Ya sani, yana cin sa a rai ko bai nuna ba. Ki sami dattijon da yake jin nauyinsa, a roƙe shi abu ɗaya: a bar Kamila ta gama jarrabawa kafin a ɗaga kowa. A tsakanin nan shi ya je Madawa ya ɗan zauna, ya duba garin da idon mai zama, ba na mai zuwa hutun salla ba, ya ga ko atamfa za ta ciyar da ku a can. In ba za ta ciyar ba, da kansa zai kawo maganar zuba 'yan haya a gidan Madawan ko sayar da shi. In kuwa za ta ciyar, ki shirya zuciyarki, don kin yarda a gwada ne, ba a yi masa wayo ba.

Ki daina wahalar da ƙafarki a Treichville da Williamsville. Ki hau bas ɗin gbaka ki nufi Abobo ko Anyama can bayan gari, kuma kada ki sake ba dillali ko dala sai kin ga mai gida ido da ido. Ku haɗu ku 'yan haya ku nemi ƙarin lokaci wurin wanda ya saya. Lukumanu kuma a ja shi a jiki, ubansa ya riƙa fita da shi shago.

Na ƙarshe, kuma ba zan shafa masa zuma ba: ko Madawa ko Abobo, Biafra dai kin bar ta. Ki fara ɗaure kaya tun yanzu. Ki shiga ɗaki-ɗaki ki nemi gafarar matan da kuka yi zaman tare, ki tambayi inda kowace za ta nufa. Na san wani gida a Arras da suka zauna jiran sa'a har katafila ta iso, kowa ya kwashi abin da hannunsa ya kai ya watse. Bara tsohuwar da ta yi musu wankan jego su duka ta rasu a wani ɗaki a Abobo, ba ɗayarsu da ta ji sai bayan sadakar arba'in. Ku yi sallama tun gidan yana tsaye.

Allah ya ba ku matsuguni mai albarka, ya ba Kamila sa'a, ya bar ku ƙarƙashin rufi ɗaya.

Tanti Lami