Ƙodar da Ka Ba Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka, da fatan kuna lafiya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa wurin ɗinkin tiyatar nan ya daina yi maka tsami idan ka sunkuya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kowa kamar yadda ta saba, ni kuma ina nan kan keken ɗinkina.

Na ƙi faɗa maka wannan ta waya ne don na san halinka, kafin in kai aya ka tayar da hankalinka. Baba ya yi kwana tara bai sha maganinsa ba. Shekaranjiya ina neman almakashi a ɗakinsa, na ɗaga rediyonsa, sai ga ƙwayoyin a ƙulle cikin takarda. Ashe kullum na miƙa masa ya ce in ajiye sai ya ci abinci, nan yake tura su. Da na tambaye shi kuwa, ko gezau. Wai ƙodar da aka dasa masa ta ɗansa ce, jininsa ne, ta yaya jikinsa zai ƙi ta? Wai maganin na waɗanda aka sa wa ƙodar bare ne.

Ban tsaya musu ba, na kai shi asibiti. Likitar, mace mai haƙuri, ta tambaye shi aikin da ya yi, ya ce shekara talatin yana gadin ƙofar masaƙa. Ta ce to, a jikin kowa ma akwai masu gadi, wasu fararen ƙwayoyi ne cikin jini da ba sa hutu. Duk abin da yake na jikin mutum yana ɗauke da shaidarsa. Wanda suka gani babu ita sai su taru a kansa su kashe, kuma su riƙe kamanninsa don in ya dawo su gane shi da wuri. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba kasafai yake sake yi ba. Sai dai su ba su san zumunci ba. Ɗa rabin shaidarsa ta uba ce, rabi ta uwa, kuma rabin uwar nan suke gani su ce baƙo ya shigo. Maganin ne ke lallashinsu su sassauta, don haka ma aka hana Baba shiga cunkoso da zama kusa da mai tari.

Baba ya ce dama ya san rigimar daga ɓangaren Inna take. Har likitar ta yi dariya. Amma da ta fita sai ya ce, "Shekara talatin ban taɓa tare ɗan gida a ƙofa ba. Yau a ce jikina ne ke korar Auta."

Nan na gane ba taurin kai ba ne, kunya ce. Duk lokacin da ya haɗiye ƙwayar, ji yake kamar ya amsa laifin ƙin ɗansa. Ya ba ni tausayi ƙwarai, har na fasa yi masa faɗan da na shirya.

Gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara gajiya. An kwantar da shi, an ƙara magani, ranar Litinin za a sake dubawa. Likita ta ce an tari abin da wuri, amma in ya sake dainawa, to sai komawa kan injin wankin ƙodar nan sau uku a mako. Rigakafi dai ya fi magani.

Inna tana gaishe ka, haka Gwaggo da Kawu Direba. Ka gaida amaryarmu, ka shafa min kan Ɗan Lele.

Abin da nake roƙonka, ka kira shi kafin Litinin. Ni dai nawa bakin ya gaji da shi, naka yake jira. Kada ka yi masa bayanin masu gadi, ya riga ya fahimta. Ka ce masa kawai ya riƙe maka wadda ke wurinsa da kyau, don guda ɗaya ta rage maka, ba ka da wata da za ka ƙara ba shi.

Taka har kullum,
Yayarka